Attajiranmu da bizar masu zuba jari: dukiyar da ba ta da takarda

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da gwamnati ta sakar wa naira mara ta nemi darajarta a kasuwa, wani irin talla ya yawaita a wayoyinmu da ɗakunan taro na manyan otal-otal a Abuja da Legas, yanzu kuma ya fara leƙowa Kano da Kaduna. Hajar da ake tallatawa ita ce izinin zama a ƙasar waje ta hanyar zuba jari. Mai tallan yakan zo da kwat da ƙasida mai sheƙi, ya nuna hoton bakin teku da na yara riƙe da jakar makaranta, sannan ya faɗi farashi kamar dillalin fili: dala kaza ka samu fasfo, dala kaza ka samu katin zama a Amurka kai da iyalinka. Waɗanda ake hari su ne masu abin hannu, irin ɗan kasuwar da ke sauke kwantena goma a wata, da mai kamfanin gine-gine, da shugaban kamfanin da ke son buɗe reshe a waje.

Ba ni da ja da mutum ya kai jarinsa inda yake ganin zai yi masa albarka. Fatauci gadonmu ne. Tun ƙarni biyu da suka wuce ayarin Hausawa ke tafiya Gwanja sayen goro, su sauka a Salaga, kuma Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, a wannan hanya ya fara ƙulla arzikinsa. Sai dai falken wancan zamani ba ya shiga gari da ka. Yana da fatoma, wato mai masaukinsa, wanda ya san sarkin gari da dokar kasuwa, ya san wanda za a ba bashi da wanda za a guje wa, kuma shi ke tsaya wa baƙo idan rigima ta taso. Mutuncin fatoma yana ɗaure da lafiyar baƙonsa, domin in ya cuce shi bana, baɗi ayari zai sauka a gidan wani. A yau wanda ya gaji wannan kujera shi ne lauyan shige da fice. Abin takaicin shi ne, mafi yawan attajiranmu sun ɗora dillalin biza a kan kujerar, alhali dillali la'adarsa kawai yake jira, daga ranar da ta shiga aljihunsa kuma ya gama da kai.

Ko a ƙasar Gwanjan ma, wadda yau take cikin Ghana, zamani ya juya tun da daɗewa. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar, mutanenmu da yawa suka dawo gida suka bar shaguna da gidaje, Najeriya kuma ta rama irin wannan a 1983. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, to amma izinin shiga daban, izinin kasuwanci daban. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa saye da sayarwa a cikin kasuwa, ta kuma ce baƙon da ke son harkar ciniki sai ya kawo jarin dala miliyan ɗaya, ya ɗauki 'yan Ghana 20 aiki. Da wannan doka aka kafa hujja aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Accra da Kumasi a 2019 da 2020. Idan haka abin yake a gidan maƙwabci, inda ake jin Hausa a kowane zango, mai karatu ya ƙiyasta yadda zai kasance a Amurka, wadda ita masu tallan suka fi ambata, kuma a kanta zan tsaya a wannan mako.

Abu na farko da ke ruɗar mutanenmu shi ne, buɗe kamfani a Amurka ba shi da wuya. Kana zaune a Kano za ka iya yi wa kamfani rajista a jihar Delaware ta intanet, ka sayi gida a Houston, babu wanda zai tambaye ka biza. Amma mallakar kamfanin ba ta ba ka ikon zama a ƙasar ko yin aiki a cikinsa ba. Bizar ziyarar kasuwanci, wadda ake kira B-1, ta yarda ka halarci taro, ka tattauna kwangila, ka duba wurin da za ka zuba jari, ka koma gida. Ranar da ka zauna a bayan kanta kana gudanar da shagon da kai ka saya da kuɗinka, ka karya sharaɗin bizarka. Wanda kuma ya wuce wa'adin zamansa da fiye da kwana 180 sannan ya fita, za a hana shi komawa shekara uku, in ya kai shekara guda kuwa, shekara goma.

Akwai wadda ta fi wannan muni. Dokar shige da fice ta Amurka ta ce duk wanda ya yi ƙarya da gangan a kan wani muhimmin abu don ya samu biza, an haramta masa shiga ƙasar har abada, sai fa in ya samu afuwa ta musamman wadda ba kowa ya cancanci nemanta ba. A nan ne dillalan biza suka fi yi wa mutane illa. Alhaji ya miƙa fasfo da kuɗi, wani yaro a shagon kwamfuta ya cike masa fom, ya rubuta cewa ba a taɓa hana shi biza ba alhali an taɓa, ya rage yawan matansa ko 'ya'yansa, ya haɗa masa takardar banki ta aro. Alhaji bai karanta ba. Doka kuwa ba ta san yaron ba, sunan da ke kan fom shi ta sani. Hukuncin jami'in ofishin jakadanci kuma, a mafi yawan lokuta, kotunan Amurka ba sa sake duba shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a wurin da aka ajiye zanen yatsunka da duk amsar da ka taɓa bayarwa shekara goma baya.

Ƙofar da ta fi sauƙi ga matsakaicin mai jari ita ce bizar E-2. Ba a yanka mata takamaiman kuɗi ba, ana dai son jarin ya zama mai kauri gwargwadon irin sana'ar, mai neman ya mallaki aƙalla rabin kamfanin ko ya kasance shi ke juya shi, kuma kamfanin ya wuce na neman abin kai wa baka. Matsalar ita ce, ana ba da ita ne kawai ga 'yan ƙasashen da ke da yarjejeniyar kasuwanci ko ta zuba jari da Amurka. Kamaru na ciki, haka Senegal da Togo da Masar da Maroko da Habasha. Najeriya ba ta ciki, haka Nijar da Ghana. Wato Bahaushen Garwa mai fasfon Kamaru yana iya neman ta, ɗan'uwansa na Yola ba ya iyawa, ko da ya ninka shi dukiya sau goma.

Masu dabara sun gano hanyar zagaye. Tsibirin Grenada da ƙasar Turkiyya suna da wannan yarjejeniya, kuma dukansu suna ba da shaidar zama ɗan ƙasa ga wanda ya zuba kuɗi. Sai aka riƙa sayen fasfon Grenada a nemi E-2 da shi. A watan Disamban 2022 majalisar dokokin Amurka ta toshe wannan kafa: wanda ya samu ƙasa ta hanyar kuɗi, sai ya yi zaman shekara uku a jere a ƙasar kafin ya nemi bizar. Duk da haka, har bana na ga ƙasidar talla da ke nuna wannan hanya kamar tana nan yadda take, ba a ambaci shekara ukun ba ko a ƙasan shafi. Mutum ya kashe sama da dala dubu 200 a kan fasfon tsibirin da bai taɓa takawa ba, sannan a gaya masa sai ya tare can. Wannan kaɗai ya isa ya nuna bambancin wanda aikinsa karanta doka da wanda aikinsa sayar da haja.

Ga masu kamfanoni na gaske akwai bizar L-1, wadda aka tanada don kamfani ya tura manajansa ko shugabansa zuwa reshensa na Amurka, ko ya je ya buɗe sabon reshe. Ba ruwanta da ƙasar da mutum ya fito. Sharuɗanta su ne mutum ya yi wa kamfanin gida aiki na shekara guda cur a cikin shekaru ukun da suka gabata, a nuna alaƙar mallaka tsakanin kamfanin gida da na can, kuma kamfanin gida ya ci gaba da aiki. Sabon reshe shekara ɗaya ake ba shi da farko, in ya nuna ya kafu a ƙara, har zuwa shekara bakwai ga manaja. A takarda abin kamar an yi shi ne don manyan gidajen kasuwancinmu. A aikace kuwa nan ake tuntuɓe, domin jami'in da ke duba takardu zai nemi ganin tsarin ma'aikata, da takardar biyan albashi, da rajistar masu hannun jari, da rahoton akanta. Yana so ya tabbatar cewa mai neman yana shugabantar wasu manajoji ko ƙwararru ne, ba shi ke karɓar kuɗi ya kuma kulle shago da yamma ba. Gidan kasuwancin da ke juya biliyoyin naira, amma yaran shago ba su da albashi a rubuce sai ihsani da sallama bayan shekaru, asusun kamfani kuma shi ne asusun cefanen gida, ba shi da abin da zai ajiye a gaban wannan jami'i.

Wannan ya kawo ni ga bizar da aka fi yi wa talla, wato EB-5, wadda aka ƙirƙira a 1990 aka kuma yi mata garambawul a watan Maris na 2022. Ita kai tsaye take kai mutum ga katin zama na dindindin, wanda aka fi sani da girin kad. Kuɗinta dala miliyan ɗaya da dubu 50 ne, ko dala dubu 800 idan aikin yana karkara ko yankin da rashin aikin yi ya yi yawa. Idan aka ɗauki dala a kan naira 1,500, ƙaramin kuɗin ya kama naira biliyan ɗaya da miliyan 200, ban da kuɗin lauya da na hukuma da na masu gudanar da aikin. Dole jarin ya samar wa mutum goma cikakken aiki. Katin farko na shekara biyu ne, mai sharaɗi, sai an tabbatar da cewa ayyukan sun samu kafin a mayar da shi na dindindin.

Attajiranmu da yawa suna da wannan kuɗi. Abin da ba su da shi shi ne tarihin kuɗin. Hukumar shige da fice ta Amurka tana son a nuna mata cewa kowace dala ta halal ce a idon doka, kuma a bi sawunta tun daga inda ta fito har inda ta sauka. Dokar 2022 ta nemi takardun harajin shekara bakwai. Idan ka ce gida ka sayar, za a nemi takardar cinikin, a kuma tambayi da me ka sayi gidan tun farko. Idan kyauta ce daga mahaifi ko yaya, an yarda, amma sai shi ma mai kyautar ya nuna inda ya samo. Idan gado ne, a kawo takardar rabon gado daga kotu. Ga mutumin da ya fara da tallan yadi a Kantin Kwari shekara talatin da suka wuce, ya yi arziki da amana da alkawarin baka, yana karɓar kaya bashi ya biya bayan Sallah ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba, wannan tambaya tana kama da cin fuska. Ya san guminsa ne, duk kasuwa ta shaida. Sai dai jami'in da ke zaune a ofis a Amurka ba zai zo Kwari ya tambayi maƙwabtan shago ba. Abin da ke cikin fayil shi ne gaskiya a wurinsa.

Hanyar tura kuɗin ita ma wani tarko ne. Kowa ya san yadda ake yi: ka ba ɗan canji naira a nan, wani abokin hulɗarsa a Dubai ko Guangzhou ya tura dala daga asusunsa zuwa inda kake so. Tsari ne mai sauri, ya daɗe yana yi wa kasuwancinmu hidima a lokutan da banki ba ya ba da dala. To amma dokar 2022 ta ce sai an bayyana sunan duk wanda ya tura kuɗi Amurka a madadin mai zuba jari, jami'ai kuma sukan nemi a nuna cewa dalar da ɗan canjin ya tura ita ma ta halal ce. Ɗan canjin da zai buɗe maka littafinsa don gwamnatin Amurka ta leƙa, sai an tona. Na san wani ɗan kasuwa, mutumin kirki mai tsabtar dukiya, wanda ya riga ya tura kuɗinsa ta hannu uku kafin ya ga lauya, bisa shawarar dillali cewa a yi sauri kada gurbi ya cika. Da lauyan ya zauna haɗa takardu sai aka tarar hannu na tsakiya wani kamfani ne da ba a san mai shi ba. Kuɗi suna can a ɗaure cikin aikin gini, takardar neman kuma ba ta da ƙafar tsayawa. Da ya fara da lauyan, abin da za a ce masa bai wuce ya bi ta banki ko da zai fi tsada ya kuma ɗauki watanni ba.

Sannan akwai sharaɗin da masu talla ba sa son a daɗe a kansa. Doka ta ce dole jarin ya kasance cikin haɗarin asara. Duk yarjejeniyar da ta lamunce maka cewa za a dawo maka da uwar kuɗinka a rana kaza tana iya rushe cancantarka. Saboda haka wanda ya ce maka kati tabbas, kuɗi ma tabbas, ko dai bai san doka ba ko yana yi maka romon baka. Mafi yawan masu neman wannan biza ba su ke gudanar da sana'ar ba, suna zuba kuɗin ne a wata cibiya da hukuma ta yi wa rajista, ita kuma ta haɗa na mutane da yawa ta ba mai gini. Rajistar hukuma ba shaidar amana ba ce. A watan Afrilun 2016 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta kai ƙarar masu wurin shaƙatawa na Jay Peak a jihar Vermont, waɗanda suka tara sama da dala miliyan 350 daga baƙi masu neman wannan biza, bisa zargin karkatar da fiye da miliyan 200. Jagoran aikin, Ariel Quiros, ya samu ɗaurin shekara biyar. Wannan aiki ne da manyan jami'an jihar suka riƙa yabawa a bainar jama'a. Af, ga mai kiyaye addininsa akwai ƙarin tambaya, domin galibin waɗannan cibiyoyi bashi suke ba mai gini da kuɗin ruwa, wasu ayyukan kuma otal ne mai mashaya. Wannan ba hurumin lauya ba ne, na malami ne, kuma gara a tambaye shi kafin a sa hannu.

Mai karatu zai ce to ai dillalin ma yakan haɗa mutum da lauya. Haka ne, amma lauyan wa? Cibiyoyin nan suna biyan dillalai la'ada mai tsoka a kan kowane mai jari da suka kawo, shi ya sa dokar 2022 ta wajabta wa masu tallata su yin rajista da hukuma, ta kuma ce a bayyana wa mai jari a rubuce abin da ake biyan su. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Lauyan da cibiya ta zaɓa, ko wanda dillali ke kawo wa ciniki duk wata, zai yi wuya ya dube ka ya ce wannan aiki bai yi ba, nemi wani. A ganina babban amfanin lauya mai zaman kansa shi ne ya iya ce maka a'a. Ya ce wannan ƙofa a rufe take gare ka, ko ya ce ka dakata shekara biyu ka gyara littattafanka, ko ma ya ce abin da kake bukata bai wuce bizar ziyara mai tsabta da amintaccen manaja ɗan ƙasa a can ba.

Wannan amsa ta ƙarshe ta fi dacewa da mutane da yawa fiye da yadda suke zato, saboda katin zama yana zuwa da kaya a ka. Mai girin kad yana biyan Amurka haraji a kan duk abin da ya samu a ko'ina cikin duniya, har da ribar shagonsa na Kano da hayar gidajensa na Abuja, kuma babu yarjejeniyar kauce wa haraji biyu tsakanin Najeriya da Amurka, ko da yake akan rage masa abin da ya riga ya biya a gida. Dole ya bayyana asusunsa na waje duk shekara idan jimillarsu ta haura dala dubu goma. Idan ya riƙe katin shekara takwas cikin goma sha biyar sannan ya ce ya fasa, mai dukiyar da ta kai dala miliyan biyu yana iya fuskantar harajin fita. Katin kuma na mazauni ne, wanda ya bar ƙasar fiye da shekara ba tare da izinin komawa ba ana iya ɗauka ya yi watsi da shi. Attajirin da ruhin kasuwancinsa ke Singa ko Dawanau, wanda ba ya iya yin wata biyu bai leƙa kasuwa ba, ya tambayi kansa ko zai iya wannan zama.

Akwai kuma maganar da ban taɓa jin an ɗaga ta a taron talla ba, alhali ta fi kowace shafar gidajenmu. Idan an ce kai da iyalinka, dokar Amurka mata ɗaya ta sani, da 'ya'yan da ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba. Auren da ya biyo bayan na farko ba ta lissafa shi, kuma dokar shige da fice ta hana katin zama ga wanda zai shiga ƙasar don ya ci gaba da zama da mace fiye da ɗaya. Magidanci mai mata uku da 'ya'ya goma sha biyar yana bukatar a zaunar da shi a yi masa wannan bayani dalla-dalla tun kafin ya fitar da sisi, domin abin da zai biyo baya rabuwar gida ne, wasu 'ya'ya a can, iyayensu mata a nan. Ɓoye auren a fom kuma ya koma ƙaryar da na ambata a sama. Haka batun gado: wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar jihar ce za ta raba abin da ya bari a can, ba ilimin fara'id ba.

Ko an cika duk waɗannan sharuɗa, akwai abin da ya fi ƙarfin lauya, wato siyasa. A ƙarshen Janairun 2020 Shugaba Trump ya dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama ta dindindin, wadda EB-5 ke cikinta, sai da Shugaba Biden ya soke umarnin a ranar da ya kama mulki a Janairun 2021. A watan Maris na 2023 aka tsawaita bizar ziyara ta 'yan Najeriya zuwa shekara biyar, a watan Yulin 2025 aka mayar da ita wata uku, shiga ɗaya. Ba Amurka kaɗai ba. Birtaniya ta rufe bizarta ta masu jarin fam miliyan biyu a ranar 17 ga Fabrairun 2022 ba tare da gargaɗi ba. A watan Yulin 2023 ta sanya wa 'yan Dominica biza, ta kafa hujja da yadda tsibirin ke sayar da fasfo, waɗanda suka saya don shiga Landan kai tsaye suka wayi gari da abin da ba shi suka biya ba. A watan Afrilun 2025 kotun Tarayyar Turai ta ce tsarin Malta na ba da ƙasa don kuɗi ya saɓa wa dokar tarayyar. Lauya ba zai hana irin wannan ba. Abin da zai iya shi ne ya karanta yarjejeniyar ya ga me ta ce zai faru da kuɗinka idan aka hana ka biza, ko idan ƙofar ta rufe kana tsakiyar hanya, ya kuma nemi a gyara sakin layin kafin ka sa hannu.

Tantance lauyan ba shi da wahala. A cikin Amurka, wanda doka ta yarda ya wakilce ka a gaban hukumar shige da fice shi ne lauya mai lasisin ɗaya daga cikin jihohinta, ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi. Hukumomin lasisin lauyoyi na jihohi suna da rajista a intanet, inda za ka rubuta suna ka ga ko lasisinsa na aiki. Lauyan da ke wakiltarka yana cike fom mai lamba G-28 da sunansa, kai ma ka sa hannu. Wanda ya ce zai yi maka aiki amma sunansa ba zai fito a ko'ina ba, ya riga ya gaya maka matsayinsa. A nemi yarjejeniyar aiki a rubuce, a tambaye shi ƙarara ko yana karɓar wani abu daga cibiyar da za a zuba kuɗin, kuma kada a sa hannu a kan takardar da ba a karanta ba. Wanda Turancinsa bai kai ba ya zo da ɗansa ko amintaccensa a fassara masa layi bayan layi, babu abin kunya a ciki.

Rabin aikin kuma a gida yake, a hannun lauya da akanta na nan. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai, don haka uzurin rashin abokin tarayya ya kau. A mayar da sunan kasuwanci cikakken kamfani mai hannun jari, a raba asusun kamfani da na gida, a sanya yaran shago a takardar albashi, a riƙa biyan haraji ana karɓar shaida, a rubuta cinikin fili da na gida a ajiye kwafin shaidar biya ta banki. Ɗalibaina da suka fito daga gidajen kasuwanci sukan ce mini iyayensu na ganin wannan duk kiran jami'an haraji ne da hannu. Ina fahimtar tsoron, ganin irin yadda ake karɓar haraji a ƙasar nan da abin da ake yi da shi. Sai dai takardun da ofishin jakadanci zai nema su ne waɗanda bankin waje zai nema kafin ya buɗe maka asusu, su ne kuma abokin hulɗa na Turkiyya ko Sin zai nema kafin ya ba ka wakilcin kayansa, su ne alƙali zai nema ranar rabon gado. Wanda ya fara biyan haraji da sunan kamfaninsa a bana, sai nan da shekara bakwai zai iya ajiye cikakken fayil ɗin da dokar EB-5 ke tambaya.